Sahu Ɗaya da Suruki

Wanda ya fara cewa a haɗa ni sahu ɗaya da surukina kocinmu ne, kuma har yau ban yafe masa ba. Shi a ganinsa dabara ya yi. Ya tsaya gaban allonsa ya zana da'ira uku, ya ce ta hagu ni ne, ta tsakiya abokina mai sanƙo, ta dama kuwa sabon yaron da ya zo daga Paris. Sa'an nan ya juyo yana murmushi, ya ce ƙasarmu ɗaya, yarenmu ɗaya, gidanmu ma ɗaya, don haka ba sai mun ɓata lokaci wajen sabawa da juna ba. Mutumin kirki ne, amma abin da ya sani game da mu bai cika cokali ba.

Bari in ɗan koma baya, don na san ba kowa ya taɓa ganin hokin ƙanƙara ba. Ni ma da na zo Lyon karatu daga Maraɗi, ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ake jefawa a ruwan sha. Abokin ɗakina a unguwar Bron ne ya ja ni filin don ya samu abin dariya, ya kuwa samu. Na sha ƙasa har na rasa gefen da zan kwanta a kai. Taurin kai ne ya mai da ni, shi ya sake mai da ni, har wata rana na tsinci kaina cikin wata ƙungiya ta manya masu aikin yi, waɗanda ke haɗuwa da safiyar Lahadi. A cikinmu akwai likitan haƙori, akwai malamin makaranta, akwai direban bas. Ba wanda ake biya, ba kuma wanda ya ɗauki abin da wasa.

Takalman wasan wuƙa ce a ƙasansu, sandar kuma bakinta a lanƙwashe yake. Ƙwallon ba mulmulalle ba ne, baƙin faifan roba ne mai tauri, kamar masar da ta ƙone ta kwana. 'Yan gaba uku-uku ake jera su, sahu-sahu, domin ba mahalukin da zai yi gudun ƙanƙara da dukan ƙarfinsa ya daɗe. Sahu ya shiga ya yi abin da zai yi, ya fito yana haki, wani sahun ya tsallaka katanga ya karɓe shi. Sahun farko shi ake turawa idan wasa ya yi zafi. Na yi shekara da shekaru a hagun sahun farko, kuma ba kyauta aka ba ni ba. An taɓa sauke ni, na sake hawa da ƙafata.

Wanda bai zauna ƙasar mutane ba zai ce mene ne abin damuwa a kan wasan ranar Lahadi. To, a ofis ni ne mutumin Nijar, ana yi mini magana a hankali kamar mai ciwon kunne. A taron 'yan ƙasarmu ni ne Malam, daga baya Alhaji, ana tashi a ba ni kujera, a kawo mini rigimar aure in sasanta. A kan ƙanƙara kaɗai ake zagina. Mai sanƙon nan, ɗan tsakiyarmu, direban bas ne daga unguwar Minguettes, bakinsa ba linzami. In na zubar da ƙwallo sai ya zage ni tas da Faransanci, ya haɗa da kakannina da bai taɓa gani ba, ni kuma in rama da Hausa, mu tsallaka katanga mu zauna kafaɗa da kafaɗa muna shan ruwa a gora ɗaya. Ina son zagin nan fiye da yadda zan iya faɗa. Ba a zagin wanda aka fid da rai da shi.

Ana nan sai 'yata ta fari, wadda ba na kiran sunanta kuma ba yau zan fara ba, ta tafi Paris karatu ta dawo da maganar aure. Yaron ɗan wani Alhaji ne, mutumin Tawa, babban ma'aikaci a wata ƙungiyar duniya, wanda aiki ya yi ta yawo da shi. A Kanada yaron ya tashi. Da yake a nan ba mu da baffanni da kawunnai da za su tsaya mana, ni da kaina na hau jirgin ƙasa na je Paris, muka haɗu da yaron da ubansa a wani ɗan gidan abinci a unguwar Belleville, irin wanda in ka ja kujera baya sai ka taka na bayanka.

Ina shiga yaron ya zube ƙasa. Ba rusunawa nake nufi ba, durƙuso ya yi sosai a tsakanin tebura, ya sunkuyar da kai, ya kama gaisuwa da wata Hausa mai ƙashi a ciki. Mai raba abinci ya tsaya da faranti a hannu ya rasa hanyar wucewa. Na ce ya tashi, ya ƙi. Na sake cewa, ya ƙara sunkuyawa. Alhaji kuwa ya baje a kujera yana kallon mutanen wurin, don ya tabbata kowa ya gani.

"Ka gani ko, Malam?" in ji shi. "Cikin Nasaru ya tashi, amma ba mu bar shi ya lalace ba. L'éducation, daga gida ta ke. Ni na koya mishi komi da komi."

Na ce madalla, Allah ya yi albarka. A raina kuwa na riga na gane kamun ludayin. Yaron nan bai taɓa yin damina guda a gida ba. A falo aka koya masa al'ada, kan kujerar kushin, ana lissafa masa kaza haram kaza wajibi, ya haddace kamar karatun jarrabawa. Ya san dokokin duka, abin da aka yi dokokin dominsa ne bai sani ba.

A wurinmu kunyar suruki gudu ce. Ka hango shi a hanya ka canja lungu, shi ma ya hango ka ya tsaya yana duba wani abu a bango har ka wuce. Ka rage masa nauyi, ya rage maka. Ni har mahaifin matata ya rasu ban taɓa ganin yana tauna abinci ba, kuma mun rabu muna ƙaunar juna. Surukin da ya san abin da yake yi, in ya ji uban matarsa na tuɓe riga a wani wuri kowace Lahadi, ko unguwar ba zai bi ba.

Bayan biki yaron ya samu aiki a Lyon, suka kama gida a Bron. Ba a jima ba 'yata ta kira ni a waya.

"Baba, ka san shi ma yana hoki? Tun yana ƙarami. Na ce mishi ya zo équipe ɗinku, sai ku saba."

"Suruki da suruki wace irin sabawa?"

Ta yi dariya. "Haba Baba, ai an daina wannan."

Ita ta daina. Ba ta tambayi mijinta ba.

A lokacin ɗan damanmu ya samu ciwon gwiwa ya ajiye wasa, koci na neman mutum ido rufe. Ranar farko na sauko daga taram, jirgin ƙasan nan na cikin gari, na tarar da yaron tsaye yana jirana. Jakar kayan hoki ta kai buhun gero girma, kuma kowane ɗan wasa shi ke ɗaukar tasa, ko shekarunsa nawa. Yaron ya miƙa hannu zai karɓi tawa. Na riƙe igiyar, shi ma ya riƙe, muka tsaya muna ja a bakin titi kamar masu rabon gado. Sai da na daka masa tsawa ya saki. Na ce masa ranar da wani ya ɗaukar mini jakar nan, ranar na gama wasa. Ya ce, "To, Baba," ya biyo ni a baya da taku uku.

A ɗakin canja kaya ya ƙi shiga. Wai ba zai tuɓe a gabana ba. Wannan kam na yarda da shi, sai dai inda ya zaɓa ya tuɓe ɗin. A baranda ya baje kayansa, kusa da injin sayar da kofi, daidai inda iyaye mata ke wucewa da 'ya'yansu masu koyon rawar ƙanƙara. Ya guje wa kunyar mutum ɗaya, ya nuna wa rabin unguwa gajeren wandonsa. Da ya gama shiri ya shigo da sulkensa da hular kwanonsa, ya zo gabana ya durƙusa a kan wuƙaƙen takalmansa, robar gwiwarsa na ƙara.

"Baba, an tashi lahiya? Ina gajiya? Ina sanyi?"

Mun riga mun gaisa a tashar taram, amma wannan ta 'yan kallo ce. Likitan haƙori ya tambayi me ke faruwa, yaron kuwa kamar jira yake. Ya miƙe ya yi musu lacca da Faransancinsa mai santsi: a al'adarmu uban mata ya fi uba, ba a kiran sunansa, ba a ɗaga masa murya, ba a shiga gabansa, ba a haɗa ido da shi. Likitan ya dafe ƙirji ya ce wannan abu da kyau yake, su sun yar da nasu. Malamin makaranta ya ce zai ba ɗalibansa labari. Kafin mu fita kan ƙanƙara, mutanen da suka shekara suna kirana da sunana tsirara sun koma ce mini Papa.

Gaskiya ɗaya ce, ko da ɗaci: yaron ya iya wasa. Da ya fita ɗumama jiki shi kaɗai, duk muka tsaya muna kallo. Mu da muka koya da girma, kullum akwai ɗan tsoro a ƙugunmu, shi kuwa babu. Yana juyawa baya da gudu ba ya ko dubawa, ƙwallon na manne da sandarsa. Da a ce koci ya sa shi a kowane sahu ban da nawa, da mun ci duk wanda ya zo gabanmu a shekarar. Amma sai ya ɗauki alƙalami ya zana da'irorinsa uku.

A kan ƙanƙara ihu ake yi. In ka samu sarari ka kira mai ƙwallo da ƙarfi, ka buga sanda a ƙasa, don ba shi da lokacin neman ka. Surukina ba ya yi mini ihu. Sai ya kuɓuce wa mai tsaronsa, ya tsaya shi kaɗai a wuri mai kyau, yana ɗan taɓa ƙanƙara da bakin sanda a hankali, kamar baƙon da ke sallama a gidan da ake barci. Kafin in ankara an rufe shi. In muka taso kai hari, ya fi ni gudu nesa ba kusa ba, amma da ya zo daidai kafaɗata sai ya ja birki, don kada ya shiga gabana. Sahu guda ya koma tafiya da saurin mutum mai furfura.

Miƙa ƙwallon ne ya fi ci mini rai. Duk wanda ya samu, ni zai nema, ko ina cikin mutum uku, ko raga na gabansa. Kuma ba ya bugo shi da ƙarfi yadda ake yi, turo shi yake a hankali kamar mai miƙa wa tsoho butar alwala. Abokan karawarmu ba wawaye ba ne. Nan da nan suka gane, suka daina wahalar da kansu a kansa, suka dawo suka tsare ni, tunda duk inda ƙwallon ya zaga wurina zai ƙare. Mai sanƙo ya zama ɗan rakiya a tsakiya. Ya zagi yaron, yaron ya ce pardon. Ya sake zaginsa, ya sake cewa pardon. Ni kuwa na lura zagin da nake samu ya fara raguwa, kuma ba don wasana ya gyaru ba.

Wata Lahadi a cikin taram na tsare shi. Ya ƙi zama a kujerar kusa da ni ko da yake ba kowa a kanta, yana tsaye riƙe da ƙarfe.

"Kai, saurara," na ce. "A kan ƙanƙara ni ba surukinka ba ne. Ɗan hagu ne ni, kai ɗan dama. In ka ga raga ka buga. In ka fi ni gudu ka wuce. In na yi shirme ka yi mini tsawa kamar kowa."

"To, Baba."

"Dube ni in ina magana."

"To, Baba." Idonsa na kan takalmina.

"Ka ji abin da na ce, ko kuwa to ɗin ce kawai?"

Sai ya ce, "Alhaji ya ce mutum ba ya shiga gaban surukinshi ko'ina. Ya ce babu exception."

Na san Alhajin. Nasa surukin na can Tawa, sai ya shekara bai gan shi ba, gaisuwar Salla ma a waya ake yi. Kunya daga nesa ba ta da wuya. Shi ya zauna a Paris yana kafa doka, ni aka bari da ita a kan ƙanƙara.

Na gwada wata hanyar. A wasan gwaji tsakaninmu, ranar da koci ya raba mu gida biyu, na bi shi na maka shi da katanga da kafaɗa, abin da aka hana a irin wasanmu na manya. So nake jininsa ya hau, ko sau ɗaya ya juyo ya ture ni. Ya tashi yana karkaɗe ƙanƙara daga rigarsa, ya ce, "Yi haƙuri Baba, na tare maka hanya." Ban taɓa jin na raina mutum kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin an raina ni da ladabi haka ba.

Aka yi ta cin mu. Daga ƙarshe har koci ya gane dabararsa ba ta haifi ɗa mai ido ba. Ya ja ni gefe ya ce mako mai zuwa zai mai da yaron hagu, wato wurina, ya ɗauko wani matashi daga sahu na biyu ya sa a dama, ni kuma in koma sahu na uku. Raina ya ɓaci, amma irin ɓacin ran da na sani ne, mai tsabta. Na taɓa bin hanyar nan. Na kai takalmana aka wasa wuƙaƙensu, na fara gudu da safe kafin ofis, na ce bari su gwada, kafin sanyi ya wuce zan karɓi abina.

Lahadi ta zo, na shiga na dubi allo. Da'irata na nan inda take, a hagun sahun farko. Koci bai dube ni ba. Bayan wasa na tarar da mai sanƙo a wurin ajiye motoci yana shan taba, na tambaye shi me ya faru.

"Surukinka ne," ya ce. "Ya samu koci ya ce in aka sauke Papa, shi ma ba zai ƙara zuwa ba. Koci kuma ba ya son rasa shi."

A hankali ya faɗa, babu ashar ko ɗaya a ciki, mutumin da ko gaisuwa ba ya yi sai da ashar. Wurin da na samu da gumina, na riƙe shi shekara da shekaru, ya zama sadakar da yaro ya roƙo mini.

Da na ajiye wasa a ranar. Abin da ya hana ni, akwai gasar ƙungiyoyi irin tamu da za a yi a Paris, muna cikin waɗanda aka gayyata. Na ƙudura a raina can zan nuna wa kowa, da koci da mai sanƙo da yaron, cewa wurin nawa ne. In na ci da hannuna a gaban mutane, ba mai sake cewa alfarma aka yi mini.

Filin na can gefen birni. Alhaji ya zo da tawagarsa, manyan mutane na ofisoshi, kowa da babbar riga da kwat a sama, suka jeru a benci suna rawar ɗari suna ɗaga wayoyi. Ba wanda ya san inda wasan ya dosa a cikinsu. Da motar da ke share ƙanƙara ta fito tsakanin wasa da wasa, har tafi suka yi mata. 'Yata na zaune a gefensu da bargo a cinya, tana ɗago mini hannu.

Wasanmu na ƙarshe ya zo kunnen doki, lokaci ya kusa cika, koci ya tura sahun farko. Yaron ya karɓi ƙwallo tun daga gidanmu. Ban san me ya shige shi ba, ko ganin ubansa ne, ko mantuwa ce ta ɗan lokaci, sai ya yi wasansa na gaskiya. Ya wuce na farko, ya zagaye na biyu, ya bi ta tsakanin sauran. Mai tsaron gida ya fito ya tare shi, yaron ya yaudare shi ya bar shi kwance. Raga ta buɗe, ba kowa a ciki, tsakaninta da sandarsa bai fi kamu biyu ba. Ko tari ya yi ƙwallon zai shiga.

Sai ya tsaya. Ya waiwayo yana nemana. Ni kuwa ina can baya ina tahowa da iyakar abin da ƙafafuna za su iya, numfashi na fita da ƙyar. Bencinmu duka na ihu ya buga, koci na dukan katanga da hannu. Yaron ya jira har na iso, sa'an nan ya turo mini.

Zan faɗi wannan don shi ne gaskiya: a duk zamanmu sahu ɗaya bai taɓa miƙo mini ƙwallo mai kyau kamar wannan ba. Ya zo daidai bakin sandata, ba sauri ba nawa, ba kowa a kaina. Na buga. Ya wuce gefen ƙarfen raga, ya daki katanga, ya dawo tsakiyar fili. Mu duka muna gaba, su kuwa suka ɗauka suka tafi suka jefa mana. Ba a jima ba aka busa tashi.

Na juya na nufi benci, kuma wallahi da wani irin sauƙi a raina. Kuskuren nawa ne ni kaɗai, babba ne, irin wanda ake tunawa da shi. Na san abin da ya cancanta, na kuma san bakin da zai fito. Ina tafe ina shirya ramuwata da Hausa.

Sai na ji iska ta wuce ni. Surukina ne. Ranar ce kaɗai ya taɓa shiga gabana, ya wuce ni da gudun da ya yi wata da watanni yana ɓoyewa, ya riga ni isa benci. Kafin in kai har ya cire hular kwano ya dafe ƙirji yana cewa, "C'est ma faute," laifinsa ne, wai shi ne bai miƙo da kyau ba, ƙwallon ya yi tsalle, ba wanda zai iya bugawa. Kowa a wurin ya ga ƙwallon bai yi tsalle ba. Amma suka gyaɗa kai, likitan haƙori har da cewa ƙanƙarar wurin ce ba ta da kyau. Ya ba ni ci ban roƙa ba, yanzu kuma ko kuskurena bai bar mini ba.

Na dubi mai sanƙo. Fuskarsa ta yi ja, jijiyar wuyansa ta tashi, na ga zagin ya taso masa har maƙogwaro. Na tsaya a gabansa ina jira. Ya dube ni, ya dubi yaron, ya haɗiye. Sa'an nan ya miƙo hannu ya ɗan dafa hular kwanona.

"Ba komai, Papa," ya ce. "Zauna ka huta."

Har matsa mini ya yi a benci.

A waje Alhaji ya tare ni da hannu biyu, tawagarsa na bayansa.

"Malam, ka ga tarbiyya? Ga raga buɗe, ga duniya na kallo, amma yaro ya ce a'a, sai Baba. Wallahi har hawaye sunka zo mini. Wannan vidéo sai ta kai Tawa."

Suka yi ta Allah ya yi albarka, ana shafa kan yaron, shi kuma yana sunkuyawa. Ba wanda ya tambayi wa ya ci wasan. 'Yata ce kaɗai ta matso ta dubi fuskata. Ta gyara mini wuyan kwat, ta ce akwai sanyi.

Jakata na ajiye a ƙasa kusa da ƙafata. Da muka tashi tafiya tashar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, yaron ya matso kamar yadda ya saba kowace Lahadi, ya miƙa hannu wajen igiyar, yana jiran tsawar da ya saba sha. Ban hana shi ba. Ya ɗan dakata, sa'an nan ya ɗaga ta ya rataya a kafaɗa ɗaya, tasa a ɗayar, ya biyo ni a baya. Har muka hau jirgin Lyon hannuna na cikin aljihu.

Yanzu shi ne a hagun sahun farko, kuma an ce har ihu yake yi, har ashar ya koya wurin mai sanƙo. Jakar na can gidansu a Bron. Ban ce ya kawo ba, shi kuma kunya ba ta bar shi ya tambaye ni ba.